Taya Mai Ƙafar Kaza

Ciniki gadonsa na yi. Goro ne ya kawo kakana Salaga ta ƙasar Gana, da goro ya ja baya babana ya koma doya, ni kuma na buɗe ido na tarar da doyar, na ɗora daga inda ya tsaya. Bambancina da su babur ne kawai. Su da ƙafa da keke suka san ƙauyuka, ni kuwa da babur nake shiga, in ga doya tun tana gona, mu daidaita da manomi, daga baya in turo mota ta kwasa. Wanda ya san hanyoyinmu da damina ya san ƙarfin babur a tayar baya yake. Inji ya yi ta gurnani son ransa, in tayar ta suɗe, kai da taɓo ne har yamma.

Cikin ƙauyukan da nake shiga akwai ɗaya da ba na haɗa shi da sauran. Yana gefen hanyar Bimbila. Ana barin titin tsakuwa a bi wata 'yar hanyar rairayi, gidan farko da za ka tarar shi ne na mai masaukin babana. Baba nake kiransa, matarsa kuma Mma. A gidan nan ba a maganar doya sai an ci abinci, kuma a kwano ɗaya ake ci. Haka ya yi da babana shekara da shekaru, da babana ya rasu sai ya gusa ya ba ni wurinsa a kan tabarma. Duk doyar ƙauyen ta hannunsa take biyowa, in ya ce da kai za a yi ciniki, magana ta ƙare. Babban ɗansa sa'ana ne. Shi yake shiga gaba da nasa babur, irin nawa sak, ya kai ni gonaki, in na zame a kwari ya tsaya ya gama dariyarsa tukuna ya zo ya ɗaga ni.

A shekarar da nake ba da labari, damina ta kusa ƙarewa, sabuwar doya ta fara fitowa, na je Yendi ta'aziyyar wani ɗan'uwan mahaifiyata. Tayar bayan ta suɗe har zare ya fara leƙowa. Maiɗakina ta daɗe tana cewa in canza ta, ni kuma kullum amsata ɗaya ce, da sauranta. Ina shiga gari ta fashe, irin fashewar da faci ba ya gyarawa. Na tura babur ina gumi har wata rumfa kusa da tasha.

Mai rumfar ɗan Bawku ne, Hausarsa irin ta zango, ba ruwanta da mace ko namiji. Ya jawo tayoyi ya jera a gabana.

"Massa, zaɓi," in ji shi, wato maigida. "Wannan orijinal, ka sa shi ka manta da ni, amma kuɗinshi da ɗaci paa, tsada sosai. Wannan Chana ne, sabo ne dai. Wannan kuma hom-yus, an hau shi kaɗan a waje aka kawo."

Ni ba baƙon taya ba ne. Na duba lambar kowace don in tabbata daidai wilina take. Orijinal ɗin na ɗaga na shinshina, na ji kuɗinta, na ajiye ta a hankali da ladabi. 'Yar Chana na danna mata farce, farcen ya ƙi shiga, robar ta yi tauri, irin wadda ke santsi da zarar jar ƙasa ta jiƙe. Hom-yus ɗin kuwa na lanƙwasa gefenta, sai ga tsaga ƙanana birjik, ta tsufa a ajiye tun kafin ta tsallako ruwa. Na ce duk ba su yi mini ba, na miƙe kamar zan tafi. Tsohuwar dabara ce, kuma ni da shi mun san babu inda zan je da babur mai fasasshiyar ƙafa.

Akwai wani saurayi zaune a kan benci a gefe, na yi masa sallama tun zuwana bai amsa ba. Mai rumfar ya kalle shi, sannan ya sunkuya ƙarƙashin teburinsa.

"Akwai wani," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Da na karɓe ta na san na samu abin da nake so. Roba mai laushi, jiki mai kauri, ciki babu faci ko ɗaya. Zanenta dai ba na kamfani ba ne. An sake yanka shi da ƙarfe mai zafi, yadda wasu ke yi wa tayar da ta fara suɗewa don ta ƙara kama ƙasa. Mai yankan ya iya aikinsa, sai wuri ɗaya da hannunsa ya goce, layi uku suka haɗu suka yi kamar ƙafar kaza. A cikin zanen akwai jar laka wadda ba ta gama bushewa ba, alhali a makon nan Yendi a bushe take. Tana kuma warin awaki.

Na faɗi kuɗin da ni kaina na ji kunyar faɗa. Ya ce in kawo. A rayuwata ban taɓa ganin mai sayar da taya ya sallama a magana ɗaya ba, gabana ya ɗan faɗi, amma daɗin arha ya fi ƙarfin faɗuwar gaban. Ana ɗaura mini ita saurayin nan yana kallo. Babur ɗinsa tsoho ne, duk ya sha ɗauri da roba, amma tayar bayansa sabuwa ce fil, ko 'yan gashin jikinta ba su kakkaɓe ba. Har na yi masa hassada a raina. Ana gama ba tawa iska ya tashi ya buga nasa ya tafi. Tayarsa na kalla, fuskarsa ban riƙe ba.

Tayar ta kawo ni Salaga lafiya lau, ko zamewa ban yi ba. Washegari da safe maiɗakina tana shara ta tsaya ta dafa tsintsiya.

"Maigida, wace kaza ce mai ƙafa ɗaya ta biyo ka har gida?"

Na fito na duba. Tun daga ƙofar gida har inda na jingine babur, duk juyi ɗaya na taya sai ta buga wannan alama a ƙasa, ƙafar kaza, sarai kamar an zana. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce ita dai tayar nan ba ta kwanta mata ba, wari take yi. Na ce ai ita duk abin da aka samu da arha ba ta so, in ban da ni.

Bayan 'yan kwanaki na kama hanyar ƙauyen Baba. Na isa da hantsi. Abin da na fara lura da shi, babu akuya ko ɗaya a hanyar rairayin, alhali kullum sai na yi ta hon kafin su ba ni wuri. Babu mai daka, babu rediyo. Kusa da garken awaki na ga an kifa wani babban kwanon wanki a ƙasa, an ɗora masa dutse, an kewaye shi da ƙaya.

Na san ma'anar wannan. A ƙauyukan nan in ɓarayi suka shigo, ana neman wurin da sawunsu ya fi fitowa a kifa kwano a kai, kada ruwa ko ƙafa su ɓata shi. Daga nan duk babur ɗin da aka yi zargi sai a tura shi a rairayi a gwada. Na kuma san abin da ake yi wa wanda sawunsa ya dace, ba a jiran 'yan sanda. Na ce a raina Allah ya kyauta, an yi wa mutanen nan ɓarna. Ko kusa ban kawo kaina cikin maganar ba.

Baba ya fito daga zaure. Na kashe babur na fara gaisuwa, amma ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo. Ya wuce ni, ya bi hanyar da na shigo yana duban ƙasa, ya tsaya, ya tsuguna. Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe sai na ga ya tsufa fiye da yadda na bar shi.

Ya kira Mma da yarensu, ya faɗa mata magana gajeriya. Ta kalli ƙasa, ta kalle ni, ta koma ciki ta fito da tsintsiya. Ta tafi har bakin titin tsakuwa ta faro shara, tana tahowa da baya da baya. Ba a sharar hanya da rana tsaka a ƙauyen nan. Mata suka fara leƙowa ta kan danga.

"Ɗan abokina," ya ce, "kada ka tura moto nan. Kama gaba, na kama baya."

Muka ɗaga babur cak, ni da tsohon da ya haifi sa'ana, muka shigar da shi rumfar doya, tayar baya ba ta taɓa ƙasa ba. Sannan ya ja hannuna zuwa garke. Ya janye ƙayar, ya sauke dutsen, ya ɗaga kwanon.

Laka ce ja, ta bushe ta yi tauri. A tsakiyarta ga ƙafar kazar nan, layi uku, har da ɗan karkacewar da hannun mai yankan ya yi. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Ya ba ni labari a tsaye, bai ɗaga murya ba. Mutum biyu ne a kan babur ɗaya suka zo da dare kwanakin baya, suka kwashe awaki, babban ɗansa, abokin nan nawa, ya ji motsi ya fito, suka sauke masa ƙarfe a kai. An kai shi asibiti an dawo da shi, yana ɗaki a kwance, ido a buɗe, ba ya magana. Samarin ƙauyen tun asuba suka tafi kasuwar maƙwabta suna duba tayoyin mutane, kuma suna gab da dawowa.

Na fara rantsuwa. Na ce Yendi, na ce rumfa kusa da tasha, na ce saurayi mai sabuwar taya, maganar tana fita a hargitse, ni kaina da nake yin ta na ji ba ta da daɗin ji. Wane ɓarawo ne ba zai ce saya ya yi ba? Kuma wa ya fi ni sanin inda garken yake, da hanyar da ba a bi ta gaban kowa? A nan na gane abin da aka yi a rumfar nan. Masu wannan sana'a sun san ana bin sawu, shi ya sa da sun gama aiki sai su kai tayar nesa su sauya, a jira wani mai son arha ya zo ya ɗauka.

"Bari magana," in ji Baba. "Lokaci babu."

Ya kai ni bayan rumfar, ya yaye wasu buhuna. Babur ɗin ɗansa ne, an rufe shi tun ranar da aka ji masa ciwo. Ya miƙo mini sifana. Muka kwance ƙafar bayan gaba ɗaya, taya da wili, muka kwance tawa. Noti ya faɗi cikin doya, na yi ta lalube, shi kuwa yana riƙe da sarƙa. Muka ɗaura ƙafar babur ɗin ɗansa a nawa. Tawa kuma ya sa ta a buhu, ya rungume, ya shiga da ita ɗakinsa.

Da na ɗago kai sai na ga matar ɗan nasa tsaye a ƙofar rumfa, da goyo a bayanta. Ban san tun yaushe take nan ba. Wannan matar ita ke kawo mana ruwa in mun dawo daga gona, tana tsokanata cewa 'yan birni ba su iya cin sakwara ba. Na buɗe baki zan gaishe ta, ta kalli babur ɗin mijinta a kan dutse babu ƙafa, ta kalli nawa, ta juya ta tafi.

Ba a jima ba muka ji ƙarar babura. Suka shigo a jere, wasu da adda a ɗaure a bayan sirdi, idanu jajur, daga gani ba su samo komai ba. Mma ta riga ta gama shara tana zaune. Mun fito da babur ɗina tsakar gida, Baba yana kan tabarma, ni ina gefensa. Yawancinsu na san su, na sha sayen doyarsu. Suka gaishe ni sama-sama. Babbansu ya ce in yi haƙuri, sun yi rantsuwa kowane moto ya shigo ƙauyen sai an gwada shi, ko na wane ne.

"Ku gwada," in ji Baba.

Suka tura shi a rairayi, suka durƙusa suna dubawa. Ni ba su nake kallo ba. Matar nan nake kallo, ta fito ta tsaya a ƙofar ɗakin da mijinta yake kwance. Kalma ɗaya ta ishe ta. Ta ce a leƙa bayan rumfa, ko a buɗe buhun da ke ɗakin tsoho, shi ke nan tawa ta ƙare a tsakar gidan nan. Ta kalli surukinta, shi ma ya ɗago ya kalle ta, suka daɗe a haka. Yaron da ke bayanta ya motsa, ta sa hannu ta gyara zanin goyon, ta koma ɗaki.

Samarin suka miƙe suna karkaɗe gwiwa. Sawun da suka gani sawu ne na kowa, na ɗan'uwansu ne ma, ba su sani ba. Babban ya ba ni hannu ya ce in yafe musu. Na ce ba komai.

Da suka watse sai Mma ta kawo abinci. Ta ajiye kwano a gaban Baba, ta ajiye wani a gabana. Na zuba wa kwanonin ido. Tun ina yaro ina biyo babana gidan nan ban taɓa ganin an raba kwano ba.

Na ce, "Baba, wallahi ba ni ba ne."

Ya wanke hannunsa a hankali.

"Ban ce kai ne ba," ya ce. "Ban ce ba kai ba ne. Babanka ya ci abinci nan. Ba za a kashe yaronshi a gidana. Ci ka tafi."

Ban iya ci ba. Na nemi in shiga in ga ɗansa, ya ce a bari sai wani zuwan.

Washegari na koma Yendi, raina a ɓace, na yi niyyar in shaƙe mai rumfar nan har sai ya faɗi sunan saurayin. Na tarar da wani daban a wurin. Ya ce wancan ya koma gida Bawku, ba ya jin zai dawo. Na bi shi har can a mota. A lokacin an hana maza hawa babur a garin saboda rikici, mata ne ke ta kai da komo a kansu, kowa yana sauri ya gama abin da ya fito yi. Na bi layin masu taya rumfa rumfa ina kwatanta mutumin da ko sunansa ban sani ba. A Bawku ta wancan lokaci baƙo mai yawan tambaya ba abin so ba ne. Wani dattijo mai faci ya ja ni gefe ya ce, "Massa, motan Tamale yana lodi, je ka shiga." Na shiga.

Ɗan Baba bai tashi ba. Kafin a gama haƙar doya ya rasu, bai ce komai ba, ba wanda ya ji daga bakinsa ko su wane ne. Shi kaɗai ne zai iya cewa ba fuskata ya gani ba. Na yi kukansa a matsayin aboki, na kuma yi kukan shaidata da ta tafi da shi, kuma na ji kunyar na biyun.

Da na je ta'aziyya na tafi da ƙafar babur ɗinsa, na ɗaura mata sabuwar taya, orijinal ɗin nan mai ɗaci, ban nemi ragi ba. Baba ya dube ta ya ce in jingine a rumfa, moto ɗin ba shi da mai hawa. Matar mamacin ta koma gidan iyayenta bayan takaba. Har ta tafi ba ta tona ni ba, ba ta kuma sake amsa gaisuwata ba. Tayar mai ƙafar kaza ban san abin da ya yi da ita ba. Wani lokaci ina zaune a tsakar gidan sai idona ya kai ƙofar ɗakinsa, in ji a jikina tana nan a cikin buhunta.

Yanzu in taya ta suɗe, sabuwa nake saya a cikin ledarta, ko 'yar Chana ce, in lallaɓa da ita. Maiɗakina ta daina tsokanata a kan arha, ni da na so ta ci gaba.

Doyar ƙauyen har gobe ni ake sayar wa. Baba bai taɓa juya mini baya a ciniki ba, bai taɓa ƙara mini ko rage mini ba, in wani ɗan kasuwa ya zo yakan ce masa doyar tana da mai ita. Bana ma na je. Ya tsufa ƙwarai, sai an riƙe shi yake fitowa. Muka gaisa, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a wurin babana a kan tabarma ina kallon ƙofar madafa, kamar yadda nake yi duk shekara, har Mma ta fito. Kwano biyu ne a hannunta.